Hannun Nahum, Ba Sama Ba Ƙasa

Nahum bai zo Malesiya don rawa ba, karatu ne ya kawo shi. Ɗan shugaban mawaƙan coci ne daga Kagoro, inda aka koya masa cewa hannun mace na gaisuwa ne, a taɓa a saki. Agnes, wata ɗaliba 'yar Jos, ita ce ta ja shi ajin rawar salsa da ake yi ran Asabar da rana a saman wani shagon abinci na mamak a Sri Petaling, shi kuwa duk inda Agnes ta nufa nan ƙafarsa take bi. Shekara uku yana raka ta tashar jirgi, yana sayo mata shinkafa a leda, amma in aka tambaye shi sai ya ce 'yar'uwa ce cikin Ubangiji. Saura mako biyu ta koma Jos, ga Michael, ɗan ajin injiniya, ya fito fili ya ce aurenta yake so.

Taku biyu ne suka hana Nahum sakat, domin farkonsu iri ɗaya ne. A na farko namiji zai kauce, hannunsa a ƙasa, mace ta wuce abinta. A na biyu zai ɗaga hannun sama da kanta tun kafin ta iso, ta juya ta dawo gabansa. Shi gogan naka sai ya riƙe ta da yatsu biyu, ya tsai da hannun daidai ƙirji kamar mai miƙa baiko a coci yana jin kunyar abin da ya kawo. Agnes sai dai ta yi canke. In ta wuce ya ce juyi yake nufi, in ta juya gwiwar hannunta ta tafi da tabaransa.

Malamar, Madam Chong, ta gaya masa ya fi sau goma cewa mace ba boka ba ce, abin da hannu ya faɗa shi take bi. Da ya koma raɗa wa Agnes takun a kunne, sai malamar ta ƙure ƙarar kaset ɗin.

Ranar da aka yi musayar abokan rawa, Agnes ta faɗa hannun Michael. Mutumin bai iya komai ba, taka ƙasa yake kamar mai kashe kyankyaso, amma in ya ɗaga hannu har na bakin ƙofa ya san juyi ne. Agnes ta juya tana dariya. Kishi ya turnuƙe Nahum, tsoro kuma ya fi kishin yawa.

Da layi ya dawo da ita gabansa, ta dubi yatsun nan biyu.

"Nahum, in wucewa zan yi ka sauke, in tsayawa ce ka ɗaga. Na gaji da canke."

Aka saki kiɗa. Ya kama hannun gaba ɗaya, tafi cikin tafi, ya ɗaga shi tun kafin lokaci ya yi, ya cilla sama har fankar silin ta gwabje shi a yatsa. Agnes ta juya tsaf, ta tsaya a gabansa.

"Kawuna zai je gidanku a Disamba," ya ce, yatsa na zugi.

"Na ji tun a hannu," in ji ta. "Michael kuma kai za ka gaya masa, ga shi can yana jiran layinsa."