Kanar Ya Yi Gaba

A wajenmu, idan tsohon sojan dutse ya rasu, ba a cewa ya mutu. Cewa ake yi ya yi gaba. Haka na taso na ji ana faɗa. Da na tambayi kakana Gelindo dalili, sai ya ce ai a kan dutse kullum akwai wanda ake turawa ya duba hanya, sauran su biyo bayansa a hankali.

Ni Loris, aikina ɗaukar madara daga gidajen masu shanu zuwa inda ake yin cuku. Ban yi nisa a makaranta ba, sojan ma ban yi ba, don kafin in kai an daina ɗaukar dole. Shi ya sa Kaka ke ce min ɗan madara. Shi kuwa yana da hularsa mai baƙin gashin hankaka, irin ta ƙananan sojoji. Mai jan alfadari ne a zamaninsa.

Akwai abin da ke cin ransa tun yana saurayi. Wani lokacin sanyi suna tafiya a gefen dutse, ƙanƙara ta zaftaro ta binne shi. Abin da ya iya tunawa shi ne duhu, sai wani hannu da ya damƙo kunnensa, da wata murya tana surfa ashar da yaren da ba namu ba. Daga nan sai farkawa ya yi a asibiti, aka sallame shi daga soja da ƙafa a karkace. Bai taɓa sanin wanda ya tono shi ba. Abokansa na ƙauyenmu suna can ƙasa da alfadarai lokacin, ba su ga komai ba. Mutum ɗaya ya rage a duniya da zai iya sani, Ermes Puntel, ƙaramin hafsan da ya jagorance su ranar, wanda daga baya ya zama Kanar.

Na sha ce masa, "Kaka, ka tambaye shi mana."

"Kai yaro ne. Mai baƙin gashi ya je ya buga ƙofar mai farin gashi, wai yana da tambaya?"

Farin gashi a hula na manyan hafsoshi ne. Kuma dai Kanar ɗin bai taɓa zama wuri ɗaya ba. Amma bara likita ya saurari ƙirjin Kaka ya ce zuciyar ta fara gajiya, kuma a watan nan muka ji Kanar ya dawo kwarinmu ya tare gidan ɗansa. Sai ranar Lahadin da tsofaffin sojoji ke taruwa a ƙaramin cocin kan dutse, Kaka ya goge hularsa ya ce, "Tashi motar. Za mu biya mu ɗauke shi. A hanya zan tambaye shi, don a mota ba sai na kalli idonsa ba."

Wata mata ce ta buɗe mana ƙofa, da jariri a kafaɗa yana tsala kuka. Matar ɗan Kanar ce, Nunzia, mutuniyar Sicilia, can kudancin ƙasarmu, ba ta daɗe a wajenmu ba. Kaka ya gaishe ta ya ce Kanar muke nema.

"Ayya, Baba, kun makara," in ji ta. "Ya yi gaba."

Kaka ya dafa bango. "Yaushe?"

"Da sassafen nan. Ko kofinsa bai shanye ba."

"Ya sha wahala?"

"Gwiwar ce dai ta hana shi barci. Na ce ya yi haƙuri ɗansa ya dawo daga aiki, ya ce shi ba ya jiran kowa. Kun dai san halinsa."

"Na sani," in ji Kaka a hankali. "Yanzu yana ina?"

Ta ɗaga haɓa ta nuna sama. "War haka ai ya isa."

Jaririn ya ƙara murya, ta ce mu yi mata afuwa, ta rufe ƙofa. Kaka ya cire hularsa ya riƙe a ƙirji. Na zaci zai yi kuka, amma bai yi ba. Cewa kawai ya yi, "Da jiya na zo." Na dai yi mamakin ƙarfin halin matar, na ce a raina ko mutanen kudu haka suke.

A dandalin ƙauye muka tarar da Tarcisio, shugaban ƙungiyar tsofaffin sojoji, riƙe da tuta, da Italo mai busa begila. Sauran sun riga sun tafi a bas, su biyun sun tsaya sayen burodi aka bar su. Kaka ya faɗa musu. Tarcisio ya shiga gidansa ya fito da baƙin ƙyalle ya ɗaure a kan tutar. Suka shiga kujerar baya muka kama hanyar dutse.

"Abin da ban gane ba," na ce, "me ya sa ba a kaɗa ƙararrawar coci ba?"

"Wa zai kaɗa? Fada, limamin cocin, yana can sama tun safe," in ji Tarcisio. "Kai dai kalli hanya, ɗan madara."

Na kalli hanya, amma bakina ya ƙi zama. Ban taɓa ganin Kanar ba sai a hoto, kuma ina so in san wane irin mutum ne ake ɗaura wa tuta baƙin ƙyalle tun gawarsa ba ta huce ba. Na tambaye su.

"Ɗan mai wasa wuƙa ne," in ji Italo. "Ubansa da keke yake yawo gari gari yana wasa almakashi. Shi ma da baƙin gashi ya fara kamar kowa. Wani saje ne ya ga yana karanta taswira kamar jarida, ya tura shi makarantar hafsoshi a Aosta."

"Ba saje ba ne, kyaftin ne," in ji Tarcisio.

"Kana wurin?"

"Kai kana wurin?"

Italo ya ce, "To ni dai na san bai taɓa sa loma a baki ba sai alfadarai sun ci. Mu da yunwa, shi yana zagayawa yana leƙa bakin dabbobi."

Tarcisio ya ce shekarar da aka yi girgizar ƙasa a yankinmu shi a ƙarƙashinsa ya yi aiki. An ba Puntel ɗaki a bariki ya ƙi, ya kafa tanti a tsakiyar ɓaraguzai, ya ce ba zai kwana a ƙarƙashin rufi ba sai mutanen ƙauyen sun samu nasu. Har sanyi ya shigo yana cikin tantin. Daga baya aka tura shi Lebanon, aka tura shi Mozambik, wurin tsare zaman lafiya.

"Me sojan dutse zai yi a ƙasar da babu ƙanƙara?" na tambaya.

"Gumi," in ji Italo. "Ya dawo baƙi ƙirin kamar gindin tukunya, uwarsa ta ƙi buɗe masa ƙofa."

Suka yi dariya, sai suka tuna, suka haɗiye ta. Can Tarcisio ya ce da ya so da ya zama janar. An kira shi Roma an ba shi ofis, bai rufa shekara ba ya ce kujera na sa masa ciwon baya, a mayar da shi dutse.

Kaka dai yana zaune a gefena. Hular tana kan cinyarsa, yana shafa gashin da babban yatsa. Da muka kai kwanar da ake hango kwarin duka, ya ce, ba da kowa yake ba, "Ko sunan wanda ya tono ni kawai. Da na san sunan, ko kyandir ne sai in kunna masa." Na rage gudu don kada ramuka su girgiza shi.

Mun isa an riga an fara. Mutane sun cika filin gaban cocin, huluna ko'ina, hayaƙi na tashi daga rumfar masu girki a baya. Fada ya gama addu'a, saura kiran sunayen waɗanda suka yi gaba a shekarar, kuma aikin Tarcisio ne. Ya kutsa gaba yana haki. Yana kiran suna, taro na amsawa gaba ɗaya, "Yana nan!" Haka ake yi. Ya kira na farko, ya kira na biyu, har ya gama. Sannan ya gyara murya.

"'Yan'uwa, akwai wanda ba ku ji ba tukuna. Da safen nan ne. Kanar Ermes Puntel."

Wasu suka fara cire hula, Italo ya kai begila baki. Sai wata murya ta taso daga wajen rumfar girki.

"Ina nan! Wa ke nemana?"

Wani dogon tsoho ne ya fito, farin gashi a hularsa, hannun rigarsa a naɗe, riƙe da muciyar tuƙa polenta, tuwon masarar wajenmu. Italo ya saki wani sauti a begilar kamar an taka agwagwa.

"Ranka ya daɗe," in ji Tarcisio, "an ce mana ka yi gaba."

"Na yi gaba mana. Mai kawo itace na biyo. In tsaya jiran ku polenta ta kai yamma?" Sai idonsa ya faɗa kan baƙin ƙyallen. Ya dube shi, ya dubi huluna a hannun mutane. "Wa ya faɗa muku?"

"Surukarka."

"Nunzia?" Ya jingina da muciyar ya fara dariya har yana tari. "Yarinyar nan daga bakin teku ta zo, ina ta san maganarku? Ta faɗa muku gaskiya tsakaninta da Allah, ku kuka kashe ni! Tarcisio, me ka shirya faɗa a kaina? Faɗi in ji, kada ya lalace."

Filin ya kaure da dariya, har Fada yana share hawaye. Tarcisio yana kwance ƙyallen yana cewa laifin Gelindo ne. Na juya in ga ko Kaka na dariya, sai na ga ba ya gefena. Ya mayar da hularsa, yana ɗingisawa kai tsaye zuwa wurin Kanar, mutane na buɗa masa hanya. Na bi shi.

Ya ƙame ya sara. "De Crignis Gelindo, ranka ya daɗe. Mai alfadari."

Kanar ya ƙura masa ido. "Wanda ƙanƙara ta haɗiye ta amayar? Alfadararka mai cizon nan, Bionda, har yau akwai tabonta a kafaɗata. Kai ne ka yi shelar mutuwata?"

"Ni ne. Shi ya sa ba zan bari mu zauna ba sai na tambaya. Wa ya tono ni?"

"Ba ka sani ba?"

"Ban sani ba."

"Duk shekarun nan? Don me ba ka zo ka tambaye ni ba?"

Kaka ya ɗan kalli farin gashin da ke hular Kanar. Kanar ya girgiza kai. Ya miƙo min muciyar ya ce in je in ci gaba da tuƙi kada ta kama. Na karɓa, amma ban matsa ko'ina ba.

"Panfilo ne," in ji shi. "Panfilo Di Cocco, ɗan Abruzzo, gajeren nan mai taimaka wa kuku. Mu muna can muna soka sanduna cikin ƙanƙara a inda muke zato, shi ya ce a garinsu tumaki yake tonowa duk shekara, ba nan za ka tsaya ba. Ya gangara ƙasa shi kaɗai ya kama tono da kwanon cin abincinsa. Da kwanon ya lanƙwashe ya koma da hannu. Yatsu biyu ya rasa."

"Panfilo," in ji Kaka. Ya sake faɗa, yana auna sunan a bakinsa. "Wanda muke ɓoye wa takalmi?"

"Shi fa."

"To me yake ta zagi?"

"Kai yake zagi. Ya ce ka ci masa cukun da uwarsa ta aiko, ba ka isa ka mutu ba ka biya ba."

Kaka ya yi wata irin dariya, ya zauna a kan kututture. Ya daɗe yana kallon ƙasa. Sannan ya ɗago, na ga tsoro a fuskarsa.

"Yana da rai?"

"Da bikin Ista ya kira ni a waya. Kunne ya tafi, amma bakin yana nan yadda ka san shi. Yana wani ƙauye a bayan garin Sulmona, can Abruzzo, wajen 'yarsa."

Wani daga rumfa ya ƙwala kira wai polenta na ƙonewa, Kanar ya fizge muciyar daga hannuna ya tafi yana faɗa. Kaka ya jawo hannun rigata.

"Loris, wannan akwalar taka za ta kai Abruzzo?"

"In an bi ta a hankali za ta kai."

"Gobe fa?"

"Gobe akwai madara, Kaka. Bari in nemi wanda zai karɓe ni. Jibi."

Ya ce to, jibin. Ya ce kuma in na je wurin masu cuku in zaɓo masa ƙwaryar cuku guda cikakkiya ta biyan bashin Panfilo, tsohuwa, wadda ta fi kowacce girma, kada in bari su ba ni ta bana.