Girkin Gajere

Tun da na yi wayo ban taɓa ganin Baba ya ci abinci ya tashi bai kushe shi ba. In gishiri bai yi kaɗan ba, to mai ya yi yawa. In duka biyun sun yi daidai, sai ya ce kwanon ne ba a bari ya bushe ba aka zuba. Yana mita yana kai loma, har ya suɗe kwanon tas. Umma kuma ba ta raga masa. "Gobe ka shiga kicin ɗin da kanka," in ji ta, shi kuma ya ce ai da zai shiga da an ga girki. Haka muka tashi muna jin su, kamar rediyon da ba a kashewa.

Sai ga shi bayan aikin da aka yi masa a ciki, an sallamo mana wani Baba daban. A kai masa abinci ɗaki, ya ɗebi rabin cokali, ya ɗan motsa baki, ya ture tiren a hankali ya ce, "Ya yi daɗi, Hajiya. Allah ya yi albarka." Ranar da ya fara faɗin haka, Umma ta fito ta jingina da bangon falo tana kallona, ni ma ina kallonta. Wallahi wannan godiyar ta fi tsorata ni a kan ranar da aka tura shi ɗakin tiyata.

Ciwon ya warke, likita da bakinsa ya faɗa. Cin abincin ne ya gagara. Wandunansa duk sai da aka rage musu ƙugu, agogonsa ya koma yana zamewa har tsakiyar hannu. A zuwanmu na ƙarshe likita ya ɗora shi a sikeli, ya duba, ya sake dubawa. Ya ce ba wani abinci da ya hana masa, duk abin da ransa ke so a ba shi. Amma in muka dawo bai ƙaru ba, zai kwantar da shi a sa masa robar abinci ta hanci. A mota, da muka shigo layinmu, Baba ya juyo gare ni.

"Uwata," ya ce, don sunan mahaifiyarsa gare ni, "ba zan koma gadon nan ba. Ki gaya wa Hajiya."

Na san Baba. In ya kafe, ko da mota aka ja shi ba ya motsi.

Umma ta zuba duk fasaharta. Romon kaza, dafaffen dankali mai laushi, kifi, ƙwai, shinkafar da ta dahu luguf. Duk amsar ɗaya ce: ya yi daɗi. Wata rana da la'asar ina yanke masa farce, yana kallon silin, sai ya ce, "Kin tuna Gajere?"

Na tuna labarinsa. Lokacin da Baba ke aiki a kamfanin casar shinkafa, an kawo wani mutumin ƙasar Tailan ya haɗa sababbin injuna. Sunansa ya gagari bakin ma'aikata, suka sa masa Gajere, shi ma ya karɓa. Baba ne mataimakinsa har aikin ya ƙare.

"A bayan ɗakin inji yake girkinsa," in ji Baba. "Kaza da yalo, a wani kasko mai zurfi. Kafin ka gama wanke baƙin mai a hannunka ya sauke." Ya haɗiyi yawu, na ga maƙogwaronsa ya motsa. "Shi kaɗai nake jin kamar zan iya ci."

Ni malamar lissafi ce, ba na tsoron abin da ke da ma'auni. Na nemo bidiyon girkin a waya, na kalla har na haddace motsin hannun matar. Washegari daga makaranta na wuce babban kantin da ake sayar da kayan ƙasashen waje. Na sayo dogon yalo mai baƙin bawo, ƙananan barkono, tafarnuwa, ɗaɗɗoya, baƙin ruwan waken suya, da wata siririyar kwalba mai hoton kifi, wadda matar bidiyon ta ce ita ce ran girkin.

Ina buɗe kwalbar nan a kicin na ja da baya har na bugi firji. Daga falo Umma ta ɗaga murya, "Ke, ɓera ne ya mutu a bayan kabad?" Ta shigo ta shinshina, ta yi salati, ta toshe hanci da gefen mayafi. Nan take muka yanke hukunci, kuma a karo na farko cikin kwanaki bakinmu ya zo ɗaya: abin ya ruɓe, mai kanti ya cuce ni. Na ɗaure kwalbar a leda biyu, na kai ta can ƙarshen baranda bayan bokitai, da niyyar in mayar masa in wanke shi tas. Gishiri da magi ai sun isa.

Kafin in kunna wuta muka yi abin da muke yi kullum tun dawowarsa. Muka rufe ƙofar ɗakin Baba, muka cusa tawul a ƙasanta, muka buɗe tagogin kicin, kada ƙauri ya tayar masa da zuciya. Barkonon na raba biyu, Umma ta dubi rabin ta ce mai ɗinki a ciki za a ba wannan? Na cire duka.

Na zuba kaza, na zuba yalo, ina juyawa kamar yadda na gani. Na juya baya in ɗauko faranti, kafin in waiwayo Umma ta tuttula kofin ruwa, ta rage wuta, ta kifa murfi.

"Umma! Ba a rufewa!"

"Mara lafiya za ki ba ɗanyar kaza? Tun ba a haife ki ba nake dafa kaza, ban taɓa ganin wadda ta nuna a tsaye ba."

Abin da muka sauke miya ce, yalon ya narke ya zama toka-toka. Baba ya ɗanɗana, ya ce ya yi daɗi.

Kashegari na ce Umma ta zauna a falo. Na faɗa da murya mai kaushi, ban kuma ji daɗin yadda ta dube ni ba. Mace ce da duk dangi ke aiko wa tambayar girki, ga mijinta ya ƙi abincinta yana kiran na wani Gajere, ga 'yarta ta kore ta daga kicin ɗinta. Ta juya ta koma falo. Ni kuma da na tsaya gaban kaskon sai tsoro ya kama ni, na rage wutar da kaina kada ya ƙone. Yalon ya shanye mai ya yi lagwaf, kazar ta fitar da ruwa ta kwanta a ciki. Na jera shi da kyau a kan shinkafa na kai.

"Ya yi daɗi, Uwata. Allah ya yi albarka."

Na fito da tiren kamar yadda na shiga da shi. Na wuce baranda na zauna a kan bokiti na yi kukana, ni da kwalbar mai wari.

Ranar hutun ƙarshen mako da hantsi Baba ya ce ɗakin ya ishe shi, a fitar da shi ya sha iska. Na riƙe shi har baranda, na ajiye shi a kujerar roba. Yana zaune yana kallon masu wanke mota a ƙasa, sai na ga hancinsa yana motsi. Ya miƙa sandarsa ya zunguri ledar.

"Mene ne nan?"

"Wani ruwan kifi ne da ya lalace, Baba. Mayarwa zan yi."

"Miƙo."

Na kwance ledojin ina kawar da kai. Ya buɗe murfin, ya kai hanci, ya lumshe ido. Sai kafaɗunsa suka fara rawa. Na tsorata, na zaci amai ne, ashe dariya ce, ta farko tun da aka sallamo shi, har yana dafe wurin ɗinkin.

"Lalacewa? Ai wannan shi ne Gajere da kansa! Ranar da ya fara buɗe irinta, masu gadi sun zo neman mushe." Ya share ido. "To me kike zuba mini?"

"Gishiri da magi."

"Barkono fa?"

Na sunkuyar da kai.

"Kuma yaushe kuke girkin? Ni ban taɓa jin ƙarar kasko ba, ban ji ƙauri ba. Sai dai in ga tire."

Umma ce ta amsa daga bakin ƙofa, ta faɗa masa zancen tawul. Ya dube ta, ya dube ni, ya girgiza kai.

"Kun nannaɗe ni kun ajiye kamar kwanukan biki. To ta ina yunwar za ta shigo? Girkin Gajere tun daga bakin ƙofar kamfani ake fara cinsa, da hanci da kunne. Ku kai mini kujerar nan ƙofar kicin."

Umma ta ce hayaƙi. Ya ce shi yake nema.

Aka kafa kujera a ƙofar kicin, ya zauna da sandarsa a tsakanin ƙafafu kamar mai duba ma'aikata. Ya ce tsokar cinya zan yanka, sirara, ba ƙirji ba. Yalon a yanka shi a karkace. Tafarnuwa da barkono a ɗan daka su sama-sama, kada su yi laushi. Komai a jera kusa da hannu tun kafin a kunna wuta, don in an fara ba tsayawa.

"Ƙara wutar."

"Ta kai ƙarshe, Baba."

"To jira. Kada ki zuba komai sai kaskon ya fara hayaƙi."

Na tsaya ina kallon kasko babu komai a ciki yana cin wuta, abin da a gidanmu laifi ne babba. Umma na gefena, ban san lokacin da ta ɗauko murfi ba, tana riƙe da shi a ƙirji kamar garkuwa. Da hayaƙi ya taso na zuba mai, na watsa yalon. Ƙarar da ya yi sai da na yi tsalle.

"Yauwa!" in ji Baba. "Ita ce. Bar shi ya yi ja, sannan ki kwashe."

Na kwashe yalon, na jefa tafarnuwa da barkono. Nan kicin ya rikice. Ni tari, Umma atishawa, maƙwabciyarmu ta sama ta leƙo ta taga tana tambayar ko lafiya. Baba ma yana tari, hawaye na zuba, yana nuna kaskon da sanda. Na zuba kazar, na kai hannu zan juya, ya ce in bar ta ta kama tukuna. Umma ta matso taku ɗaya.

"Hajiya, ajiye murfin nan."

"Malam, ɗanya ce fa."

"Ajiye, don Allah."

Ta ajiye, amma ba da nisa ba. Na juya kazar, gefenta ya yi ja. Ya ce in kwarara ruwan kifin ta jikin kaskon, ba a kan naman ba. Na ɗauke numfashi na zuba. Ya yi wata irin ƙara, warin ya buge mu gaba ɗaya, sannan, ikon Allah, ya wuce. Abin da ya biyo bayansa wani ƙamshi ne mai nauyi, irin wanda ke sa mutum ya tuna bai karya ba. Ruwan waken suya, ɗan sukari, yalon ya koma, na kashe wuta, na watsa ɗaɗɗoya cike da hannu. Duka-duka shinkafar da ke gefe ko hucewa ba ta yi ba.

Umma ta ɗauki wuƙa ta tsaga yanka mafi kauri tana neman jini. Fari tas har ciki. Ta dube shi kamar ya yi mata rashin kunya, ta jefa a baki.

Baba bai yarda a koma ɗaki ba. A nan ƙofar kicin ya ɗora faranti a cinya. Ni da Umma muka juya masa baya muna wanke kwanukan da ba su yi datti ba, kunnuwanmu na wurinsa. Cokali ya taɓa faranti. Shiru. Ya sake taɓawa. Umma ta damƙe hannuna a cikin ruwan kumfa, ta matse har na ji zafi. Ba mu waiwaya ba sai da muka ji yana kankare ƙasan farantin. Bai cinye duka ba, ya bar ɗan shinkafa a gefe, amma goshinsa ya yi gumi, kuma bai ce ya yi daɗi ba. Ruwa kawai ya nema. Na ji wani nauyi da na daɗe ina ɗauke da shi ya sauka daga ƙirjina, har na zauna a ƙasa.

Daga ranar tawul ya koma banɗaki, ƙofar Baba ta zauna a buɗe. Kullum sai an yi girkin Gajere, kuma a bayansa wasu abubuwan suka fara samun hanya: ƙwai da safe, ayaba, shayi da burodi. Da muka koma asibiti likita ya ɗora shi a sikeli. Ƙarin ba wani mai yawa ba ne, amma ƙari ne. Ya ce ko me muke yi mu ci gaba, bai ko ambaci roba ba. A mota Baba ya yi ta yi wa direba faɗa a kan ramuka, ni kuwa ina baya ina murmushi kamar wadda aka yi wa kyauta.

Da yammar ranar na dawo daga sayen yalo na tarar an riga ni. Umma ce a gaban kasko, ta ɗaure hanci da ɗankwali, wuta a ƙure, kwalbar a hannunta ta miƙar da ita nesa da jiki. Murfin kuwa yana can saman kabad inda hannunta ba ya kaiwa, ita ta jefa shi can da kanta. Ta zuba, ta kai masa, ta tsaya a kansa.

Baba ya kai loma ɗaya, ya kai ta biyu. Ya tauna, ya ɓata fuska.

"Hajiya, yalon nan ya dahu da yawa. Kuma kin yi rowar ruwan kifin."

Umma ta zuba masa ido. Ta ja ɗankwalin daga hancinta ta goge ido da shi.

"Gobe ka shiga kicin ɗin da kanka," ta ce.

"Ai da zan shiga da an ga girki," in ji Baba, ya miƙo mata farantin. "Ƙaro."