Tiyatar Karen Baba Haggai

Don wa na buɗe cikin karen nan, don ya rayu ko don hannuna ya saba? Har yau ban sani ba.

Ina wata na uku da fara horo a asibitin dabbobi a Zuru, Baba Haggai, wani tsohon soja, ya kawo karensa da mota ta taka. Ya ce, "Likita, yi mishi allurar mutuwa shi huta." Na ƙi. Na yi masa tiyatar da ban taɓa yin irinta ba.

Kwana huɗu karen yana nishi, ko ruwa ba ya sha. Ran na biyar tsohon ya ɗora kan karen a cinyarsa, ya dube ni.

"Ɗana, ka gama koyo?"

Na durƙusa na yi masa allurar.