Takalmin Sajan a Zauren Majalisa

A majalisar nan akwai wata mata da ake ce wa Ba-Komai. Ba iyayenta suka raɗa mata ba, bakinta ya jawo mata. A taka mata ƙafa, ba komai. A zauna mata a kujera, ba komai. Tsohuwar shugabar makarantar firamare ce, jam'iyya mai mulki ta ɗauko ta don a ce akwai mata a cikinsu, kuma tun da ta shiga zauren ba wanda ya taɓa jin muryarta. In an ce a ɗaga hannu ta ɗaga, in an ce a sauke ta sauke. 'Yan adawa, da yake bakinsu ba linzami, cewa suke kujerarta ta fi ta magana, don ita kujerar takan yi ƙara in an zauna.

To, tana da 'yar ƙani da ta raina tun tana rarrafe, 'yar sanda ce, kowa Sajan yake ce mata har a gida. Wata Asabar da yamma sai ga Sajan ta shigo falo tana jan ƙafa, ko gaisuwar kirki babu. Ta zube a kan tabarma ta hau kwance igiyar takalmi.

"Ke kuma wa ya mutu?" in ji Ba-Komai.

"Ni, Gwaggo. An cire ni daga tafiyar."

Tafiyar da take nufi kuwa, gwamnati ce za ta tura 'yan sanda aikin kiyaye zaman lafiya a wata ƙasa da ta fito daga yaƙi. Mutanen can sun roƙa a haɗo da mata, don matansu ba sa iya buɗe baki su faɗa wa ƙato abin da aka yi musu. Sajan ta daɗe tana mafarkin wannan tafiya. A gwajin zaɓen masu tafiya ta ci na harbi, ta ci na tuƙi, ta ci na rubutu. Da aka zo gudu cikin cikakkun kayan aiki sai ta faɗi, ita da duk matan da suka shiga, ko ɗaya ba ta kai ba. Jirgi kuma ƙarshen wata zai tashi.

Ba-Komai na shirin ba ta haƙuri sai idonta ya sauka a kan abin da yarinyar ke zarowa daga cikin takalmin. Tsohuwar safa. Wata tsohuwar safar. Guntun tawul. Jarida a dunƙule. Tana ta zarowa kamar mai yashe rijiya. Ƙafar kuwa da ta fito, duk ta yi bororo, dunduniyar ta saɓule.

"Wannan takalmin wa kika aro?"

"Nawa ne. Shi aka ba ni. Duk irinsa ake ba mu, na maza, mafi ƙanƙanta a sito ke nan. Ki yi gudu da wannan ki gani, Gwaggo. Kina gaba yana baya yana cewa jira ni."

"Ba ku faɗa ba?"

"Mun faɗa har bakinmu ya bushe. Mai sito ya ce abin da aka kawo masa ke nan. Na sama da shi ya ce ai mu muka ce a daidaita mu da maza, to ga daidaito nan mu sa a ƙafa."

Ba-Komai ta buɗe baki. Kalmar nan tata ta taho har bakin leɓe ta tsaya.

Sajan ta dube ta ido ja. "Faɗi mana, Gwaggo. Ce ba komai."

Ba ta ce ba. Ta tashi ta ɗora ruwan zafi.

Ran Litinin sai ga Bulala a ofishinta. Shi ne mai kaɗa kan 'yan jam'iyya a majalisa, gajere ne mai tumbi, turarensa kan riga shi shiga ɗaki. Bai taɓa taka ofishin nan ba, har sai da ya tambayi masinja hanya.

"Uwata ta kaina!" Ya zauna ba a ce ya zauna ba. "Aiki na kawo miki. Ran Laraba Ministan 'yan sanda zai zo amsa tambayoyi. 'Yan adawa sun wasa wuƙa a kan maganar tafiyar nan da ba mace. So muke mace ta riga su, tamu ta gida."

Ku da ba ku san zauren ba, haka ake yi. Ranar tambayoyi, 'yan jam'iyyar gwamnati ba tambaya suke yi ba, shimfiɗa suke yi wa minista ya kwanta. A rubuta a ofishinsa, a ba wani ya karanto, shi kuma ya yi ta zuba har lokaci ya ƙare. Bulala ya biya mata tata sau biyu kamar ɗan aji ɗaya: ko mai girma Minista zai bayyana wa majalisa gagarumin ci gaban da aka samu wajen daidaita mata da maza a aikin ɗan sanda?

"Shi ke nan. Doka ta ba mai tambaya damar ƙara guda a kai, amma namu ba sa yi. Ki ce na gode, ki zauna."

"In mutum yana da abin da zai nuna fa? A hannu?"

Bulala ya yi dariya har tumbinsa na rawa. "An hana! Tun ran da wani ɗan adawa ya shigo da mataccen kifi a leda wai daga kogin mazaɓarsu. Sati aka yi ana fesa turare. Yanzu ko cokali kika ɗago, waje za a yi da ke. Me za ki nuna, uwata?"

"Ba komai," in ji ta.

Ran Laraba da safe ta aika aka kira Sajan, ta ce ta zo da takalmin da tsummokaransa duka. Da yarinyar ta ga gwaggonta na cusa ƙafa a ciki sai ta dafe kai.

"Gwaggo, so kike a kore ni gaba ɗaya?"

"An ce kar a shiga da abu a hannu. Ban ji an ce a ƙafa ba. Ɗaure min igiyar, bayana ba ya sunkuyuwa."

Ƙafarta ɗaya da ta Sajan, irin ta gidansu ce, 'yar mitsitsiya. Ta zumbula doguwar riga mai jan ƙasa ta rufe. Niyyarta in an zo tambaya ta biyu ta ɗan ɗage rigar daga inda take a tsaye, a gani, shi ke nan. A bakin ƙofa masu gadi suka zazzage jakarta, ba wanda ya dubi ƙasa. Ɗaya ya ce, "Mama, yau ƙafar ce?" Ta ce sanyi ne ya kama gwiwa.

Zaure ya cika. Minista na zaune a gaba, dogo siriri mai farin gilashi, bayansa shugaban 'yan sanda da tarin taurari a kafaɗa. Kakakin majalisa ya kira ta. Sai da wasu suka waiwaya su ga wace ce. Ta miƙe daga can layin ƙarshe na sama, ta danna maɓallin makirfo. Shiru. Ta sake dannawa. Ashe abin ya daɗe da mutuwa, ba wanda ya sani, tun da ba a taɓa taɓa shi ba.

"Sauko ki yi amfani da na tsakiya," in ji Kakaki.

Matakala ce tun daga sama har ƙasa, ta katako. Ta kama ƙarfen gefe ta fara sauka. Ƙwaram. Ƙwaram. Wani ɗan adawa ya ce, "Kai, wa ya shigo da doki?" Ta dai daure ta isa, gumi na bin bayanta, ta karanto tambayar Bulala ba ta canza ko wasali ba.

Minista ya miƙe ya gyara gilashi. Ya yi ta zuba. Ya ce a zamaninsa ba bambanci, abin da aka ba namiji shi ake ba mace, daidai wa daida, tun daga hula har takalmi. Ya ce tafiyar waje ma an ba su dama iri ɗaya, gudu ɗaya, fili ɗaya, Allah bai nufa sun kai ba. 'Yan jam'iyya suka hau buga tebur.

Kakaki ya dube ta. "Akwai ƙari?"

Ta dubi Bulala, ya zuba mata ido yana murmushin da bai kai ciki ba. Ta dubi kyamarori. Ta kasa ɗage rigar. Kar in ja ku da nisa, tsoro ya ci ta.

"Na gode," ta ce, ta juya.

Hawa ya fi sauka wuya. Ta ɗaga ƙafar dama ta ɗora, ƙafa ta tafi, takalmi ya ce shi bai tashi ba. Ya saɓule, ya gangaro, ya yi tsalle a kan katako ya je ya kife a gaban teburin Minista. Tsohuwar safa ta yi nan, guntun tawul ya yi can.

Zaure ya kece da dariya. Har mai riƙe da sandar majalisa sai da ya juya baya kafaɗunsa na rawa. Ita kuwa tana tsaye ƙafa ɗaya a safa, ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige.

Kakaki ya buga guduma yana share hawaye. "'Yar majalisa, lafiya dai?"

Kafin ta amsa, 'yan adawa suka haɗa baki kamar 'yan makaranta: "Ba komai!"

Wannan ne ya tunzura ta. Ta tuna dunduniyar Sajan a cikin ruwan zafi. Ta sauko, ƙafa ɗaya ƙwaram, ɗaya shiru, ta kama makirfo. Muryar da ta fito ba wadda ta karanta tambaya ba ce, ta filin makaranta ce, wadda kan sa yara su daskare a layi.

"A'a, ranka ya daɗe, yau kam da magana. Ina da tambaya ta biyu."

Bulala ya yi zumbur. "Doka! An hana nuna kaya a zaure!"

Kakaki ya leƙo ta saman gilashinsa. "Ni ban ga ta ɗago komai ba. Takalminta ne ya fita, yana iya faruwa da kowa. Zauna. Ci gaba, Malama."

"Wannan takalmin na 'yar ƙanina ne, sajan ce, ban ɓoye ba, kar wani ya je ya tono ya ce ya gano. Ƙafarmu ɗaya da ita. Kun ga ni tafiya kawai na yi, daga can zuwa nan. Ita da 'yan uwanta gudu aka ce su yi da shi, a kan agogo. Mai girma Minista ya ce daidai wa daida har takalmi, kuma gaskiya ya faɗa. To ina tambaya, ya san takalmin maza ake ba su?"

Dariya ta ɗauke. Minista ya sunkuya ya ɗauki takalmin. Ya zura hannu, ya zaro jarida a dunƙule. Ya ajiye shi kusa da ƙafarsa, sai ga shi ya kusa kai nasa tsawo. Ya waiwaya ya dubi shugaban 'yan sanda, shi kuma ya sami wani abin kallo a jikin silin.

Ni dai na daɗe ina jin ministoci, ban taɓa jin wanda ya faɗi abin da ya faɗa ba.

"Ban sani ba," in ji shi. "Wallahi ban sani ba. Za mu kafa kwamiti ya duba..."

"Ɗana, jirgi ƙarshen wata zai tashi, kwamiti kuwa ba ya gudu ko da takalmin ƙwarai. Za a ba su na ƙafarsu su sake gudun kafin tafiyar, ko ba za a ba su ba?"

"Majalisa na jira," in ji Kakaki. "Kuma duk abin da ka ce, za ka dawo Laraba mai zuwa ka gaya mana inda aka kwana."

Minista ya sake duban takalmin. "Za a ba su. Za su sake."

Wannan karon ɓangarorin biyu suka buga tebur, ban da Bulala da ya naɗe hannu a kan tumbi. Minista da kansa ya kawo mata takalmin. Ta ce ya haɗo da tawul ɗin, na mutane ne.

Ba a sami na mata a sito ba, sai kanti aka shiga aka auno musu. Da aka sake gudun ba duka suka kai ba, amma da yawa sun kai, Sajan kuwa har ta wuce wasu mazan tana waiwayensu. Laraba na zagayowa Minista ya dawo ya faɗa da bakinsa, ya ƙara da cewa an aika a auna rigunan sulke su ma. Bulala ya cire Ba-Komai daga wani kwamiti mai yawan tafiye-tafiye don ta ji a jikinta. Da aka gaya mata ta ce ba komai, kuma wannan karon har zuciyarta.

Ran tafiya Sajan ta biyo sallama da jakarta a kafaɗa, tana taku ƙyas ƙyas cikin sabon takalmi, sai juyi take a tsakar falo.

"Gwaggo, tsohon fa? In mayar sito?"

"Bar min shi. Na ji an ce Ministan lafiya ne zai zo wani satin."

"Gwaggo!"

"Tafi kar jirgi ya bar ki. Ki riƙa cire safa kina shanya ƙafar nan."

An gyara mata makirfo tuni. Yanzu in ta miƙa hannu za ta danna, duk ministan da ke gaba sai ka ga ya saci kallon ƙafarta tukuna.