Tsagar da Raga Ba Ta Kama Ba

"Ki ƙara matsawa hagu," in ji Baba Injiniya. "Nan, inda ginshiƙi ya haɗu da rufi. To, gwada allurar."

Ina tsaye a kan teburin da nake yanka yadi, shi kuma yana zaune a kujerar keken ɗinkina yana haki. Taku tara ne tsakanin ƙofarsa da tawa a hawa na huɗu, amma sai da ya huta sau biyu kafin ya iso, don ciwon zuciya ya kumbura masa ƙafafu. Na kai bakin allura cikin tsagar, ta ƙi shiga. Na gwada zare, ya lanƙwashe. Na ce masa ai ko gashin kai ya fi wannan kauri, fenti ne kawai ya gaji.

Bai yi dariya ba. Shekara bakwai muna maƙwabtaka, kullum sai ya tsokane ni, wai da ni ce na ɗinka ginin nan da tuni hannu ɗaya ya fi ɗaya tsawo. Ranar ko murmushi babu.

Ya zaro wani siririn gilashi daga aljihu, tsawonsa kamar yatsa, da ɗan kwalin gam. A gefen gilashin ya manna 'yar takarda, ya rubuta kwanan wata da fensir. Ya sa na gicciya shi a kan tsagar, na manne kai da gindi, na danne har gam ya kama.

"Gilashi ba ya miƙewa," ya ce. "In ginin ya motsa ko kaɗan, zai fashe. In kin ga ya fashe, Maman 'Yan Biyu, kar ki tsaya ɗaukar kaya. Ki kwashi yara ki sauka."

Na dubi ƙasa. Gadon 'yan biyuna ne daidai ƙarƙashin wannan kusurwa, 'yan mata masu shekara shida, ga ɗankwalin ɗaya a kan matashi. Babansu direban babbar mota ne, ya yi nisa, sai ƙarshen wata zai dawo. Ranar Talata ce. A saman kanmu kuwa Mai Bene, mutumin da ya mallaki ginin, ya kafa sabon tankin ruwa wanda ya ninka tsohon sau uku. Babu ruwa a ciki tukuna. Mai gyaran famfo ya ce ranar Asabar zai gama haɗa bututu a kunna inji.

Washegari da na kai wa Baba abinci na tarar da shi a gaban kwamfutarsa. Ga gininmu a fuskarta, an yayyanka shi gida-gida kamar yadi mai zanen dara, duk shuɗi da kore. Na ce to ai ga shi nan lafiya lau. Ya ce wannan shi ne aikin da ya yi shekara ashirin da shida da suka wuce, lokacin da ake gina benen, kuma shi ne abin da ya hana shi barci.

Ya yi min bayani a hankali, yana tsayawa neman numfashi. Kwamfuta ba ta iya kallon gini gaba ɗaya, sai an yanka mata shi gunduwa-gunduwa, ta lissafa nauyin da ke kan kowace gunduwa. Su suna kiran wannan yankan raga. Kwamfutar ofishinsu ta wancan zamani ba ta da ƙarfi, don haka ya ba ta raga mai manyan ido, kowane ido mita guda. Amma wurin da rufi ya zauna a kan ginshiƙi, inda duk nauyi yake taruwa, bai fi tafin hannu biyu ba. Kwamfutar ta haɗa wahalar wannan ɗan wuri da sauƙin abin da ke kewaye da shi, ta raba daidai, ta ce kore.

"Raga mai manyan ido, ƙaramin kifi wucewa yake yi," ya ce. "Na sani tun lokacin. Na ce tankin ƙarami ne, ba komai. Na sa hannu."

Sai ya nuna min na biyu, wanda ya yi ranar Lahadi da ido rabin mita, awa ɗaya ya gama. Kusurwar ɗakina ta koma ruwan ɗorawa. Na uku, ido kamar tafin hannu, yini guda ya ci. Wani jan ɗigo ya fito daidai kan gadon yarana. Na tambaye shi ja me yake nufi, ya ce ja na nufin kusa da iyaka, amma bai san ko an tsallake ta ba. Shi ya sa ya tayar da na huɗu, ido kamar faɗin yatsa a wannan kusurwar. Wannan zai ci kwana uku. Wani siririn layi a ƙasan fuskar kwamfutar yana cewa kashi goma sha ɗaya cikin ɗari.

Da yamma Mai Bene ya hawo, bayan Baba ya kira shi sau huɗu. Mutum ne mai fara'a, irin waɗanda ke dafa kafaɗarka suna hana ka abin da ka zo nema. Ya gaishe da Baba har da rusunawa, ya yi masa sannu da jiki, sannan ya fito da tsohuwar takarda daga jaka. Ya ce shi ba masani ba ne, masana yake bi, kuma ga sa hannun babban masani cewa rufin nan garau yake. Baba ya ce wanda ya sa hannun ne yake gaya masa ya yi kuskure. Mai Bene ya kalli kwalaben magani da ke kan tebur, ya kalle ni, irin kallon nan na kin dai ga yadda tsufa yake yi. Raina ya ɓaci har na ji kunnuwana sun yi zafi.

"Baba, gida goma sha shida ke kukan ruwa," ya ce. "In na'urarka ta gama kafin Asabar, ta nuna min a fili, zan dakata. In ba haka ba, ba zan hana mutane ruwa saboda ɗigo ɗaya ba."

Na matsar da gadon yara tsakiyar ɗaki, ko da yake Baba ya ce in rufin zai sauko ba zai zaɓi kusurwa ba. Na rasa inda zan kai su, don ba ni da kowa a garin. Ranar Alhamis na lalata wuyan riga biyu. Ina taka keke, idona na kan rufi. Ko cokali ya faɗi a ɗakin maƙwabta sai na zabura. 'Yan biyu suka mayar da abin wasa, suna tambayata ko gilashin Kaka ya yi magana.

Baba kuma jikinsa sai ƙara sauka yake yi. Na roƙe shi ya bari a kai shi asibiti, ya ƙi, wai in ya tafi wa zai tsare kwamfutar. Batirinta ya tsufa kamar mai ita, minti arba'in kawai yake riƙewa in an cire waya. Na kira 'yarsa, ma'aikaciyar jinya ce a wani gari mai nisa, ta ce za ta kamo hanya da safe. Da la'asar ya kira ni kusa da gadonsa. Leɓɓansa sun yi duhu. Ya ce ba mutuwar yake tsoro ba, ya daɗe da shirya mata.

"Tsorona in tafi, ginin ya biyo ni da 'ya'yanki," ya ce. "Ki ji da kyau. A gindin tankin akwai famfo mai jan hannu. Famfon zubar da ruwa ne. Hagu ake murɗa shi."

Na ce Allah ba zai sa a kai ga haka ba. Ya sa na maimaita sau biyu: jan hannu, hagu. Layin kwamfutar yana kashi hamsin da takwas.

Ranar Juma'a da hantsi na shiga da ruwan zafi, na same shi a kujera, fuskarsa na kallon kwamfuta, tabarau ya zamo zuwa kan hanci. Na yi sallama sau biyu. Na taɓa hannunsa, na ji sanyi. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Na durƙusa a wurin na yi kuka, kuma ba zan ɓoye ba, cikin kukan ma sai da na ɗaga kai na duba layin. Kashi saba'in da tara. Har yau ina jin kunyar wannan dubawar.

'Yarsa ta iso bayan azahar, aka kai shi makwancinsa kafin la'asar. Ɗakin ya cika da masu gaisuwa, tsofaffin abokan aikinsa da mutanen bene. Na ɗauke kwamfutar na ɗora a kan akwati a lungu, na jona ta, na gaya wa duk wanda na gani kar a taɓa. Sai hidima ta ja ni, ɗauko tabarma, kai ruwa, riƙe 'yar marigayi da ke neman faɗuwa. Da na waiwayi lungun wajen ƙarfe biyar, fuskar kwamfutar baƙa ƙirin. A soket ɗin wayar wani baƙo ce ke caji, hankali kwance.

Ban san lokacin da na fizge ta ba. Na mayar da waya, na kunna, 'yarsa ta sa lambar sirri. Ginin ya fito, layin ya koma sifili. Aikin kwana uku ya tafi saboda cajin waya. Na nemi abokan aikinsa, duk sun watse. Na sauka wurin Mai Bene na gaya masa abin da ya faru, ya yi min ta'aziyya da kyau, ya ce Allah ya jiƙan Baba, mutumin kirki ne, amma alkawari alkawari ne.

Ranar Asabar ƙarfe goma na ji injin ya tashi a ƙasa, bututu ya fara gurnani a bango. Na tura yara ɗakin marigayi wurin 'yarsa, na ce ta zauna da su kusa da matakala, takalma a ƙafa. Ni kuma na hau teburin yanka na tsaya, hancina kusan taɓa gilashin. Ina jin ruwa yana zuba a saman kaina, da farko da ƙara, daga baya ƙarar ta yi nauyi ta lafa. Wuyana ya ƙage. Minti ashirin, minti talatin. Har na fara ce wa kaina wataƙila dai tsufa ne, wataƙila Mai Bene ya fi ni gaskiya.

Ƙarar ba ta kai ta karyewar allura ba. Ƙas. Wani farin layi ya ratsa tsakiyar gilashin, ɗan garin siminti ya zubo min a gira.

Ban tuna saukowata daga teburin ba. Na dai ji muryata tana cewa 'yarsa ta sauka da yara, ta buga kowace ƙofa. Ni na yi sama. Kowane taku ina jin kamar rufin zai buɗe a ƙarƙashina. Mai gyaran famfo yana tsugune yana ɗaure wani bututu, ya ɗago yana tambayata lafiya. Na wuce shi na faɗa gindin tankin. Ga jan hannun. Na murɗa, ya ƙi. Ashe dama nake murɗawa, tsoro ya juya min hannu.

"Hagu," na ce da ƙarfi, kamar ni ce Baba. "Hagu."

Ya saki. Ruwa ya ɓarke cikin bututun zubarwa da ƙugi. Mai gyaran famfo ya dubi fuskata sau ɗaya, bai ƙara tambaya ba, ya kira ƙasa ya ce a kashe inji. Na zauna a kan kankare mai zafi, hannuna biyu riƙe da jan hannun, har tankin ya koma yin ƙarar fanko.

Mai Bene ya hawo da faɗa a bakinsa. Na kama hannun rigarsa, abin da ban taɓa yi wa namijin da ba nawa ba, na ja shi ɗakina na nuna masa rufi. Ya daɗe yana kallo. Sai ya cire hula ya share goshi. Ranar Litinin ya kawo wata injiniya, yarinya da ba ta kai 'yar Baba ba. Ta duba gilashin, ta duba jan ɗigon a kwamfuta, ta sa aka kafa turakun ƙarfe huɗu a ɗakina, ta ce a sauke tankin kafin mako ya fita.

'Yar marigayi ta ba ni makullin ɗakinsa, ta ce mu zauna har a gama gyara. Can yarana suke kwana yanzu, a ƙarƙashin shiryayyen littattafansa. Jiya na koma ɗauko almakashi, na ratsa tsakanin turakun, na hau teburin. Gilashin na nan gida biyu, kowane rabi manne a gefensa, ga kwanan watan Talata da rubutunsa mai karkata. Na zare allura daga bakin mayafina na kai cikin tsagar. Ta shige har ido.