Fawar Haliru da Muryar Malam Ɗahiru

Laifin Haliru shi ne lallaɓawa. Ba ɓarawo ba ne, ba mashayi ba, salla ba ta wuce shi. Amma in abu ya fara nuna gajiya ba ya sauya shi sai ya mutu a hannunsa, kuma shi a ganinsa wannan wayo ne.

Shagonsa yana Bodinga, kusa da tasha. Yana buga wa mutane takardu, yana zuba musu karatu da wa'azi a memori. Kwamfutarsa ta tebur ce, ta tsufa tare da shagon. A bayanta akwai wani ɗan akwatin ƙarfe mai fanka, shi ke karɓar wuta yana raba wa sauran kayan ciki. Masu gyara suna ce masa fawa.

Fawar nan ta daɗe tana kuka. Da fari fankarta ce ta fara gurnani da safe kamar tsohon injin niƙa. Daga baya kwamfutar ta riƙa ɗaukewa da kanta ana tsakiyar aiki, musamman in an juya daga wutar gari zuwa janareta. Haliru sai ya ɗaka mata tafi a gefe, ta tashi. In rana ta take, har ƙauri ake ji a shagon, shi kuwa ya kunna turare.

Badaru mai gyara, abokinsa tun na ƙuruciya, ya gaya masa gaskiya. Ya ce fawa ba ƙwan fitila ba ce da ke mutuwa ita kaɗai. In ta kai ga gurnani da ɗaukewa da ƙauri, lokacin sauya ta ya riga ya wuce, kuma ranar da za ta tafi tana iya tafiya da duk abin da ke ciki. Har sabuwa ya sayo masa daga Sakkwato.

"Fawa ai sai mahauta, Badaru," in ji Haliru yana dariya. "Wagga ba ta mutu ba. In binne ta da rai?"

"To, mai jinya, Allah shi ba da lahiya," Badaru ya ce, ya kwashi kayansa.

Sabuwar ta zauna cikin kwalinta ƙarƙashin tebur, Haliru yana ɗora ƙafa a kai.

Ana haka sai Gwaggo Saratu, ƙanwar mahaifinsa, ta zo daga Horo Birni ta ƙasar Shagari da wani ƙulli a zane. Mijinta, Malam Ɗahiru, bara ya rasu. Shi ke yin tafsiri a masallacin garinsu duk azumi, kuma an taɓa ɗaukar karatunsa a kaset. Kaset ɗin sun tsufa, rediyo tana tauna zarensu. Ta ce a kwashe mata muryar kafin ta ƙare.

Wannan kam Haliru ya yi. Ya kwashe su duka zuwa rumbun kwamfuta, inda komai ke ajiye, ya ce ta aiko ranar kasuwa a karɓi memori. Da ta tambayi yadda za a yi da kaset ɗin, sai ya buga ƙirji ya ce aikinsu ya ƙare, abin da ya shiga kwamfuta ba ya ɓata. Ita kuwa mace ce mai tsoron Allah. Ba ta son abin da ke ɗauke da ayoyi ya riƙa yawo a tsakar gida har awaki su taka. Ta sa aka ƙone su aka binne tokar a wuri mai tsarki, kamar yadda ake yi wa tsofaffin takardun Alƙur'ani.

Memori dai bai samu ba. Duk sanda ya fara zubawa sai kwamfutar ta ɗauke a tsakiya. Ya buge ta, ta tashi, ya juya ga wanda ke tsaye a gabansa da aikin gaggawa. Na Gwaggo ai aikin gida ne, ba ya gudu. Bawa, direban da take aikowa, ya gaji da kawo saƙonta, shi kuma kullum amsarsa sai kasuwa mai zuwa.

Wata rana da la'asar yana buga wa wani dillalin albasa takarda aka ɗauke wuta. Ya tada janareta, ya juya. Sai aka ji tas, hayaƙi ya fito ta bayan kwamfutar. Ya buga gefenta har tafinsa ya yi zafi. Badaru ya zo, ya jawo kwalin nan daga ƙarƙashin tebur, ya ɗaura sabuwar fawa cikin ɗan lokaci. Fankarta ta juya lafiya lau, amma kwamfutar ba ta motsa ba. Ya cire rumbun ya kai Sakkwato a duba, ya dawo da shi ya ajiye a gaban Haliru. Wuta ta cinye rumbun, babu abin da ya saura a ciki. Badaru ya kwashi kayansa ya tafi.

Haliru ya yi ta ƙarya ta bakin Bawa. Yau babu wuta, gobe ba shi da lafiya. Abinci ya daina yi masa daɗi. In ya ji ana karatu a lasifikar masallaci sai gabansa ya faɗi. Da abin ya ishe shi, ya hau babur ya nufi Horo Birni.

Ya tarar da ita a zaure tana tsintar ruɓaɓɓu daga cikin albasa. A gefenta ga ƙaramar rediyo mai cin memori, sabuwa, ko ledarta ba a cire ba.

"Maraba, ɗana. Ka taho min da Malam?"

Ya durƙusa ya faɗa mata komai, har maganar Badaru, har kwalin da ya riƙa ɗora ƙafa a kai. Ta daɗe tana juya albasa ɗaya a hannunta.

"Ko addu'ar ruhewa ba ta saura ba?"

"Babu, Gwaggo."

"To kai da ka kwashe su ai ka ji. Akwai inda shika tsayawa shi yi tari, shi ce a gaya ma uwargida kunun jiya ya yi tsami, mutane su yi dariya. Wurin nan ɗai nika so. Ka ji shi?"

Bai ji ba. Lokacin da yake kwashewa ya rage sautin har ƙasa, don kaset na da tsawo, ya kunna sharhin ƙwallo a waya. Ƙarya ta zo masa har baki, ya haɗiye ta.

"Ban saurara ba, Gwaggo."

Ba ta yi masa faɗa ba. Ta ce Allah ya sa haka ne mafi alheri, ta tashi ta zaɓo masa albasa masu kyau ta ce ya kai wa iyalinsa. Ya rasa yadda zai ƙi karɓa.

Ga abin da lallaɓawa ta ci wa Haliru. Ta ci kwamfutarsa. Ta ci ayyukan mutanen Bodinga da ke cikinta, da yawansu ba su sake taka shagonsa ba. Ta ci muryar Malam Ɗahiru, wadda babu inda za a sake samun ta a duniya. Ta kuma ci masa hanyar Horo Birni, don ba wanda ya hana shi zuwa, amma har yau ya kasa haɗa ido da gwaggonsa.