Inna a Kilobit 64

Kaset ɗin bidiyon awa uku ne, faifan DVD kuwa ba ya son a wuce masa awa biyu. Injiniya, babban ɗa a gidan, shi ya ɗauki nauyin sasanta su, don tun da ya yi digiri ko kwan fitila ba a canzawa sai an ji ra'ayinsa.

Bidiyon ranar da suka tare a sabon gida ne, shekara ashirin baya. Mai gyara ya goge funfunar da ta kama zaren, ya ce, "Sau ɗaya zai juya lafiya. Na biyu sai addu'a."

Injiniya ya kwashe shi cikin kwamfuta, ya zauna rabon filin faifan. Hoto ya samu kaso mai tsoka. Ga sauti kuwa zaɓi uku ne: PCM, wanda ba ya matse komai amma ya fi kowa ci; AC3 a kilobit 192, na kowa da kowa; sai MP2 a 64, wanda ya fi su matse sauti. Ya ɗauki na ƙarshe, ya ƙara da matatar da ke share hayaniyar baya.

"Yaya, 64 bai yi kaɗan ba?" in ji Auta, ƙanwarsa.

"Kunnen ɗan Adam ba ya bambancewa. An yi bincike."

"Da kunnen wa?"

Ya danna maɓalli. Da faifan ya fito ya goge babban fayil ɗin, ya jefa kaset ɗin a kwandon shara, saboda shi mutum ne mai tsafta.

Ran Asabar da rana suka kunna wa Baba a falo. Hoto ya fito tas, har ana iya ƙirga maɓallan rigar Injiniya, ya kuwa ƙirga. Baba, da yanar ido ta rufe masa gani tun bara, ya karkato da kunne.

Can ya ce, "Ina uwarku?"

"Baba, Inna ai ba ta taɓa yarda a ɗauke ta ba," in ji Injiniya.

"Ni za ka gaya wa? Tana kicin. Daidai inda kake kokawa da firij ɗin nan take cewa ka bi a hankali, bayan naka ba na aro ba ne. Sannan ta yi dariya."

Suka mayar baya. Ga Injiniya, ga firij. Daga kicin babu abin da ke fitowa sai wani ɓulɓul kamar ruwa a bututu. Shekara huɗu da rasuwar Inna, ba ta bar muryarta a ko'ina ba sai nan, matatar sautin kuma ta lissafa ta cikin hayaniyar baya. A kimiyyance ba ta yi kuskure ba.

Auta ta buɗe jakarta, ta ajiye kaset ɗin a kan tebur. Da ɓawon lemo manne a jikinsa.

"Bismillah, Farfesa."

A juyi na biyu zaren ya riƙa ƙara kamar ana tauna takarda. Ya kai firij, ya wuce, ya tsinke a minti na hamsin. Injiniya ya zaɓi PCM, bai taɓa matatar sautin ba. Yanzu faifan na da fili har da rara.

A sabon faifan wani farin layi ya ratsa fuskar Injiniya daga kunne zuwa kunne. Fanka na gurnani, wani na jan kujera. Daga kicin aka ce bayan nasa ba na aro ba ne, aka yi dariya.

Baba ya gyara zama.

"Mayar min baya," in ji shi.